In anka yi wa yaro aiki a baki: yadda za ki kula da shi har ya koma cin tuwo

Assalamu alaikum iyaye mata, da iyaye maza masu leƙowa. Maganar yau kan yaron da anka yi wa aiki a baki ce, ko cire haƙori ne, ko ɗinkin tsagaggen leɓe, ko na ganɗa, ko yaro ya faɗo daga katanga haƙori ya karye anka ɗinke mai dasashi. Likita nashi aikin bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, sauran duka gida yake biyo ku, kuma abu biyu ne za ki riƙe waɗanda kullum suke karo da juna, kar a fama ciwon, kuma kar a bar yaro da yunwa. Wata uwar don tsoron ciwo sai ta ɗora yaro kan kunu tsararo sati biyu cur har wuyansa ya fito, wata kuma don tausayi kwana ɗaya da aiki ya yi kuka ta miƙa mai ƙosai da yaji. Dukansu so ne ya kawo, amma ciwon bai san so ba.

Tun kafin ku baro asibiti, ko asibitin gwamnatin tarayya ne nan Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya ko Sakkwato anka tura ku, kar ki ji kunyar tambaya. Ki tambayi wane irin zare anka yi ɗinkin da shi, wanda ke narkewa da kansa ne ko sai an dawo an cire, ki tambayi ranar dawowa a rubuta miki, ki tambayi nauyin yaron kilo nawa ne don da shi ake auna magani ba da shekaru ba, kuma ki karɓi lambar da za ki kira in wani abu ya taso da dare. In yaron sikila ne, ko yana da asma, ko kin taɓa lura jininsa ba ya saurin tsayawa misali lokacin kaciya anka sha fama, wannan tun kafin a taɓa shi ya kamata likita ya sani. In kuma daga nesa kunka zo, Zuru ko Yawuri ko Kamba, kar ku yi gaggawar kama hanya sai kun ga jini ya tsaya yaro ya wartsake, kuma dan Allah maigida, yaron da bai gama farfaɗowa daga allurar barci ba ba a ɗora shi bayan mashin, a nemi keke ko mota uwar ta rungume shi.

To an iso gida. Abu na farko da za ki gane shi ne, ramin da anka cire haƙori jini ne ke taruwa ciki ya daskare, wannan gudan jinin shi ne murfin ciwon, ƙarƙashinsa sabon nama yake tsirowa. Kamar sabon yaɓe yake, in ruwa ya doke shi kafin ya kama sai ya zube. Duk dokokin ranar farko da za ki ji, wannan gudan jinin ake karewa. Audugar da anka sa mai ya cije ta kamar minti 30 ba surutu ba tauna, sannan a cire a hankali. Yawu mai ɗan ja zai ta fitowa har washegari, wannan ba komai, jini kaɗan in ya gauraya da yawu sai ki ga kamar da yawa ne hankalinki ya tashi. Ki shimfiɗa tsohon zani kan filo, ki ɗan ɗaga mai kai in zai kwanta, amma kar ki bari ya yi barci da auduga a baki, tana iya zamewa maƙogwaro. In kin ga jan jini sosai yana cika baki, ki naɗe audugar asibiti mai tsabta ki ɗan jiƙa ta da ruwa ki ɗora daidai wajen ya cije minti 20 zuwa 30, kuma kar ki riƙa buɗewa kina leƙe duk minti biyu, leƙen nan shi ke hana shi tsayawa. In babu auduga jakar ganyen shayi irin Lipton da anka jiƙa anka matse tana yi. Kin yi haka sau biyu bai tsaya ba, ku koma asibiti, ko ƙarfe nawa ne.

Awa 24 na farko ba kurkurar baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba tsotso. Takardar asibiti za ta ce kar a sha abu da tsinken shan lemo, sai uwa ta ce ai mu ba mu da shi a gida, ta manta da fiya wata. Yaro ya huda gefen leda da haƙori yana zuƙa, wallahi duk abu ɗaya ne, zuƙar nan ita ke fizgo gudan jinin daga rami. Haka yogot na leda, haka ƙanƙarar zoɓo da ta lamurje da yara ke tsotsa, haka alawa mai tsinke, haka tsotson yatsa. Komai a juye a kofi ya kurɓa. Ni da za a bi shawarata har kwana biyar zuwa sati a ci gaba da kofin, ba wata asara.

Sai kuma abin da yawancin iyaye ba a gaya musu, allurar kashe zafin nan tana ɗaukar awa biyu zuwa huɗu kafin ta saki, leɓe da harshe da kunci duk sun mutu, yaro na jin abin baƙo sai ya kama taunar leɓensa yana ja da hannu, ba ya jin zafi ko kaɗan. Washegari leɓe ya kumbura ya yi farin miki, a ce likita ya yi ɓarna alhali yaron ne ya cinye kansa. Ki zaunar da shi gabanki cikin awannin nan idonki na kansa, ki ba shi waya ya kalli katun in ta kama, kuma kar ki ba shi abin taunawa ko abu mai zafi sai bakin ya dawo.

In allurar barci anka yi mai, ciki na iya tashi. Ki fara da ruwa kurɓi ɗaya ɗaya, in ya zauna ki ƙara, in ya yi amai ki bar shi ya huta kamar rabin awa ki sake gwadawa. Ranar farko ko bai ci abin kirki ba kar ki damu, ruwa ne dole. Musamman in lokacin bazara ne, kin san zafin Kebbi a watan uku zuwa na biyar yana haura digiri 40, yaron da ke tsoron haɗiya nan da nan yake bushewa, in sikila ne kuwa rashin ruwa kaɗai na iya tayar mai da ciwo. Fitsarinsa za ki riƙa dubawa, in yana yi akai-akai kuma bai yi ja ba to lafiya lau. Ki ajiye ORS, garin gishiri da sukarin nan da ake haɗawa da ruwa, a gida, ki haɗa yadda anka rubuta jikin ledar.

Abincin ranar farko da ta biyu mai sanyi ko wanda ya huce sarai, kuma wanda ba sai an tauna ba. Kindirmo mai kyau, yogot a kofi, ayaba da anka murƙushe, gwanda nunanna, kastad, kunun da ya huce. Mu nan mun saba kunu sai yana tururi ake jin daɗinsa, to a wannan karon a'a, zafi na buɗe jijiyoyin jini ya dawo da zubar jinin, ki ɗiga a bayan hannunki in kin ji ɗumi sosai ki ƙara fifita shi. Kunun tsamiya ki ɗaga mai ƙafa, zoɓo da lemun tsami da lemun zaƙi da abarba ma haka, tsami na yi wa ɗanyen ciwo raɗaɗi, kuma yaro in abinci ya taɓa yi mai zafi sau ɗaya to kin shiga uku, ko ruwa kika ɗauko sai ya rufe baki. Fura kuma, na san gidaje da yawa ita ce abincin mara lafiya, amma furar kasuwa da citta da kanumfari da barkono ake daka ta, ga tsaki-tsaki da ke shiga rami. In fura za a ba shi a daka tashi daban ba kayan yaji, a dama da nonon da kika tabbatar an tafasa madararsa kafin ya kwana, a tace da rariya mai laushi.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Nama ba ya haɗewa da ruwan gero zalla. Ciwo na buƙatar abinci mai gina jiki kafin ya rufe, kuma cikin yaro ƙarami ne, yanzu ga shi cokali biyar yake sha ya ture, to dole cokali biyar ɗin nan su zama masu nauyi. Kokon da za ki ɗebo a cokali ya zube kamar ruwa cika ciki kawai yake, awa ɗaya ya fitsarar. Daga kwana na biyu ki fara ƙara mai kauri yadda zai ɗan zauna kan cokali, kuma ki riƙa zuba mai wani abu ciki kowane damu. Mafi sauƙi kunun gyaɗa, a markaɗa gyaɗar ta yi laushi a tace, a sa madara cokali biyu. Ko ki kaɗa ƙwai ɗaya ki zuba cikin kunun yana kan wuta kina juyawa har ya dahu sosai, ba zai ma gane akwai ƙwai ba, ɗanyen ƙwai dai kar a ba shi. Ƙaramin cokali na man gyaɗa ko man shanu ko manja cikin abinci yana ƙara ƙarfi ba tare da ya ƙara yawa ba.

In an ba ku ranar aiki tun da wuri, ki yi garin kunu na musamman ki ajiye. Gero ko dawa gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. Waken suyan ki jiƙa ki cire ɓawon ki shanya, sannan ki soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa a kai niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, tankaɗen nan kar ki yi mai ha'inci don dusa ce ke maƙalewa a ɗinki. Shi wannan garin a tukunya ake dafa shi kamar talge ba zuba tafasasshen ruwa kawai ba. Ko bayan ya warke ki ci gaba da yi wa yaran gida, ya fi kayan gwangwanin da ake saye da tsada.

Daga kwana na uku yawanci yaro ya gaji da zaƙi, yana son abu mai gishiri, kuma nan Allah ya rufa mana asiri don abincinmu na gida kamar don wannan anka yi shi. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, loma ƙanana, santsin miyar ke wucewa da ita ba sai an tauna ba. Ki ɗebi tashi miyar kafin ki sa attaruhu da barkono, daddawa ba laifi in an daka ta ta yi laushi. Faten dankali, faten kabewa, dankalin turawa da anka dafa anka murƙushe da ɗan man shanu, alale mai laushi ba yaji, wake da anka surfe anka dafa ya yi luguf, ƙwai da anka soya sama-sama da ɗan madara, awara dafaffiya ba soyayya ba. Hanta in kin dafa kin daka kin zuba a miya tana taimakawa wajen mayar da jinin da ya zuba. Garin zogale tankaɗaɗɗe rabin cokali a miya ko fate. Mangwaro in lokacinsa ne ki yanka ki murƙushe a kofi, ba ki miƙa mai ya tsotsa ba.

Kifi kuwa mu da ke da Argungu da Yawuri ba a yi mana gorinsa, kuma ya fi nama sauƙin ci ga mai ciwon baki, sai dai ƙaya. Tarwaɗa ta fi sauƙin gyara, ƙarfasa sai kin yi haƙuri. Ki dafa ki zauna ki bi tsokar da yatsunki ki murje, ido ba ya isa, ƙaya ɗaya ta soki ɗinki ta mayar da ku baya. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka ya zama gari a tankaɗe, a riƙa barbaɗawa a miya. Romon nama ko na kaza yana da daɗin sha amma ki sani ruwan kaɗai ba wani abin kirki ke ciki ba, amfanin na cikin tsokar, to ki daka ta ko ki markaɗa ki mayar ciki.

Waɗanda za a ɓoye sati ɗaya zuwa biyu, kin san su ai, rake, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, goruba, gugguru, gasasshiyar masara, kilishi, tsire, cincin, biskit mai ƙarfi, cingam, ƙanzo. Akwai kuma waɗanda ba su da tauri amma ƙanana ne suna faɗawa rami su zauna su ruɓe, shinkafa mai warwara, dambu, burabusko, riɗi, 'ya'yan gwaba. Ɗanwake ma duk da santsinsa sai an tauna, ga yaji, a bari tukuna.

Yadda ake bayarwa ma wani abu ne. Ki manta da safe rana dare, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau shida ko fiye, duk bayan awa biyu zuwa uku, cikin ƙaramin kwano don babban kwano cike na karya wa yaro gwiwa. Ki ba shi maganin zafi kamar minti 30 kafin babban cin, lokacin da maganin ya kama sai ki kawo abinci, wannan dabarar kaɗai tana canza komai. Ƙaramin cokali, a zaune ba a kwance ba, ta ɓangaren da ba ciwo. Babba ne ki bar shi ya ba kansa, shi ya san inda ke mai zafi. Ki tambaye shi kunu kake so ko fate, in shi ya zaɓa ya fi ci. Sannan ɗura, dan girman Allah a bar ta. A danne yaro a toshe mai hanci a kafa hannu a baki ana zuba kunu, ko lafiyarsa ƙalau kunun na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, balle mai ɗinki a baki yana ihu yana fizge-fizge. In Inna ko Gwaggo ta ce kawo shi nan in ɗura mai, ki ce Inna likita ne ya hana, ya ce ɗinkin zai ɓalle a sake sabon aiki. Ki jingina da likita, ya fi sauƙi da ki ce ke kika hana.

Jarirai nasu daban ne. Leɓe yawanci ana ɗinke shi yaro na wata uku zuwa shida, ganɗa kuma wajen wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi, to duk masu shan nono ne. Likitoci da yawa na barin a ci gaba da ba da mama bayan aikin leɓe, wasu kuma su ce a tatsa a ba da kofi ko cokali ko sirinji na wasu kwanaki, wanda ya yi aikin shi za ki bi. In tatsa ce ki riƙa yi akai-akai kar nonon ya janye, kuma da zafin garin nan ki tatsi wanda zai shanye a lokacin kawai in ba firij. Mai aikin ganɗa ba a tura mai cokali can ciki, a gefen leɓe ake karkata shi, kuma sati biyu zuwa uku ko yadda anka ce muku ba abin da zai shiga bakinsa mai tauri, har yatsunsa, shi ya sa wasu asibitocin ke ɗaura musu abu a gwiwar hannu, kar ki tausaya ki kwance ki tafi girki. Bayan kowane ci ki bi da ruwa kurɓi biyu uku ya wanke wajen. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, ko da ciwo ko ba ciwo.

Magani. Farasitamol shi ne na farko, lissafinsa miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk awa shida, kar ya wuce sau huɗu a kwana. Misali yaro mai kilo 16 miligiram 240 ke nan, in kwalbar da ke hannunki an rubuta 120 cikin mil 5 to mil 10 za ki ba shi. Ki duba kwalbar don ba duka ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ki auna da murfin awo ko sirinji, cokalin kicin kowanne da girmansa. Kwana biyun farko ki ba shi kan lokaci, kar ki jira sai ya fara kuka. Ibuprofen na rage kumburi, amma sai in likita ya rubuta, bayan an ci wani abu, kuma ba a ba yaron da ke amai ko ba ya shan ruwa. Asfirin ba a ba yara 'yan ƙasa da 16, yana tsinka jini ga shi yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, to duk wani ƙullin haɗi na kemis da ba ki san abin da ke ciki ba ki bar musu kayansu. Tiramol da kodin kuwa ko kusa. Ki lura da magungunan mura ma, da yawansu akwai farasitamol ciki, sai a ninka ba a sani ba. In an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi har ƙarshe ko da ya ji sauƙi, in ba a rubuta ba kar ki je ki sayo ampiclox da kanki, ba kowane cire haƙori ke buƙata ba.

Kumburi zai ƙaru kwana na biyu da na uku sannan ya fara saɓewa, haka yake, ba lalacewa ya yi ba. Kwana biyun farko sanyi ake sawa, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a ɗora a kunci minti 15 a ɗauke minti 15, in ba wuta tsumman da anka jiƙa da ruwan randa ma ya rage. Gashi da ruwan zafi da muka saba yi wa kowane kumburi, a nan sai bayan kwana biyu, kuma ɗumi-ɗumi.

Bayan awa 24 sai a fara tsabtace baki, don bakin da ba a wankewa shi ma ciwo yake jawowa. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ya guntsa ya karkata kai dama da hagu a hankali ya buɗe baki ruwan ya zubo da kansa, bayan kowane cin abinci da kafin barci. Ƙaramin da bai iya kurkura ba sai haɗiyewa, ki ba shi ruwa zalla ya sha bayan ci. Sauran haƙora a goge da buroshi mai laushi a kauce wa wajen, asuwaki a jira. Kwana kaɗan za ki ga wani fari-fari ko rawaya-rawaya ya rufe ciwon, ba mugunya ba ce, warkewa ce, kar ki sa tsinke ko tsumma ki ce za ki goge. In hunturu ne ki shafa mai basilin ko man kaɗanya a leɓe, sai dai in kan leɓen ɗinkin yake, nan abin da asibiti sunka bayar kawai.

Kuma kar a sa komai cikin ramin. Kanwa, alif, toka, garin kanumfari, garin taba, man habbatus sauda, ƙwayar magani da anka daka, babu ko ɗaya. 'Yan dubiya za su zo kowa da nashi, wannan ta ce jikanta da shi ya warke. Addu'a da tofi a yi ta yi, rubutu in da ruwa mai tsabta ne ya sha abinsa, amma hannu da gari su tsaya waje. A gidan yawa ma ba manyan ne kaɗai ba, yayyensa da 'yan uwan wasansa su ne za su raba rake da shi a bayan ɗaki, ki tara su ki gaya musu, ki naɗa babbar cikinsu ta zama mai gadi, yara na son a ba su muƙami. Kwana biyu zuwa uku ba ƙwallo ba guje-guje, wankan gulbi sai ciwo ya rufe, boko da islamiyya ya huta kwana ɗaya ko biyu in cire haƙori ne, babban aiki kuma sai yadda likita ya ce. In cikin azumi ne kuma yaron ya fara gwada yi, wannan satin ba nashi ba ne.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su. Jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin da ke hawa wajen ido ko yake sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, numfashi da ƙyar, kasa haɗiye ko yawu, yaro ya yi laushi ba ya tashi sosai, ya kai awa takwas ba fitsari, ɗinki ya buɗe. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 ya ƙi sauka shi ma a koma, a duba bakin a kuma yi gwajin maleriya, kar a zauna gida ana cewa ai shawara ce. In zafi ya lafa sannan wajen kwana na uku ko na huɗu ya dawo da ƙarfi har kunne, ga wari, mai yiwuwa gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana, an fi ganin haka ga manyan yara da anka cire wa turmi, likita zai wanke ya sa magani a samu sauƙi nan take.

Wani abu kuma da ya shafi yankinmu, in yaron dama ramamme ne, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ki ninka sa ido. Dasashi na jini, baki na wari sosai, kunci ya kumbura ya fara yin baƙi, wannan na iya zama noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, cikin kwanaki take cin fuska kuma ta fi kama 'yan shekara biyu zuwa shida masu tamowa. In an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau na tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitocin MSF na aiki da su tun 2014, kyauta ake aikin, kuma a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su. Waɗanda anka yi wa irin wannan aikin jinyarsu ta fi tsawo, wani sai an sa mai robar abinci ta hanci na ɗan lokaci, wani a ba shi atisayen buɗe muƙamuƙi da zai riƙa yi kullum a gida, in an daina muƙamuƙin na iya sake kullewa.

Cire haƙori na yau da kullum dai, zuwa kwana biyar ko sati za ki ga ya fara miƙa hannu kwanon kowa, sai ki riƙa sakar mai a hankali, taliya da ta dahu luguf, waina mai laushi a jiƙa da miya, burodi a tsoma a shayin da ya huce, nama da su ƙuli-ƙuli su zo ƙarshe. In ya ci abu ya ce da zafi ku koma baya kwana ɗaya ko biyu. Zaren da ke narkewa yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, in kin ga guntunsa a yawu ba komai, in yana reto kar ki ja. Ranar komawa asibiti kuma a je ko da ya warke sumul, ki tafi da katinsa da ragowar magungunan, a sake auna nauyinsa a gani ko ya faɗa, mai aikin ganɗa kuma ki ce a duba mai kunne, ki tambayi yaushe za a fara duba yadda yake magana.